Rigar da Ta Yi Daidai

A layinsu idan ka ce tela kake nema, sai an tambaye ka wanne, don teloli sun yi yawa. Amma ka ce Zai-Cika, ko wanda ya tare jiya zai miƙa hannu ya nuna maka ƙofar nan mai koɗaɗɗen fenti, tsakanin mai aski da mai gyaran rediyo.

Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Idan aka kawo masa yaro ɗinkin kayan makaranta, yakan ɗora shi kan wata 'yar kujera ta katako, ya zagaye shi da tef, ya duba abin da tef ɗin ya ce, ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Sannan ya ɗauki alli ya zana abin da shi ya ga dama. Ranar karɓar kaya uwa za ta zura wa ɗanta riga, ta nemi hannuwansa ta rasa.

"Tela, ina ka kai min yaro?"

"Yana ciki," in ji shi, ba tare da ya ɗaga ƙafa daga keke ba. "Zai cika."

Ba wai barin yadin yake yi yana jan ƙasa ba. Aikin da tsarinsa. Yakan naɗe rarar a ciki, ninki bisa ninki, a ƙafar wando da bakin hannu da gindin riga, ya bi kowane ninki da nasa ɗinkin. Wannan naɗin shi ne kalmasa, kuma a wurinsa kowace kalmasa aji guda ce. Mai shiga firamare yakan fita daga shagon ɗauke da firamaren gaba ɗaya a idon sawunsa. Faɗin ne dai ba ya naɗuwa, shi ya sa iska ke samun wurin zama.

Mutane sun ɗauka tattali ne, shi kuma bai taɓa musa musu ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ita kaɗai ta san wani guntun labari, shi ma sau ɗaya ta ji shi. Wai shi ma ya taɓa shiga aji. Aka ɗinka masa riga da wando da suka zauna masa cif, har malamin ya yaba. Da shekara ta zagayo maɓallan suka ƙi haɗuwa. Aka ce a ɗan dakata, za a ɗinka sababbi, kafin nan ya riƙa zuwa shagon telan yana taya shi zama, kada ya yi ta yawo. Har yau a shagon tela yake. Da ya kai nan a labarin bai ƙara komai ba, sai ya ce Inna ta miƙo masa almakashi.

'Ya'yansa uku, kuma a kansu ya fi baje gwaninta, tunda ba su da inda za su kai ƙara. Duk ƙarshen dogon hutu akwai rana guda da ba ya karɓar aikin kowa. Inna ta wanke kayan makaranta, a kawo su shago, yara su hau kujerar ɗaya bayan ɗaya. Ya ɓare sabuwar reza, ya farke ɗinki guda, ya saki ninki guda, ya bi da dutsen guga. Yaro ya sauko ya shiga sabon aji ke nan, tun kafin makaranta ta sanar da shi. Launi ne kawai guga ba ta iya daidaitawa. Wurin da aka saki bai taɓa ganin rana ba, yana nan da shuɗinsa na kanti, na samansa kuwa ya sha wanki. Sai wandon ya koma zobe-zobe, kowane zobe da irin nasa shuɗin. A makarantar ba a tambayar 'ya'yan tela ajinsu. Ƙafarsu ake dubawa. Zangon da kayan suka zauna daidai kuwa shi ne na ƙarshe, lokacin gwiwa ta riga ta leƙo.

Babban ɗan, wanda yanzu ake ce wa Injiniya, bai taɓa ƙorafi ba. Irin yaron nan ne da ko buhu aka ba shi, tambayarsa kawai ta ina ake fitar da kai. Ya cika na firamare, ya cika na sakandare, ya zama na farko a dangi da ya taka jami'a. Ranar da aka yaye su, Zai-Cika ya zauna cikin iyaye a babban ɗakin taro, ya ga manya-manyan mutane suna shigowa a jere cikin baƙaƙen riguna har ƙasa, hannu ya wuce yatsu, kafaɗa ta zubo. Inna ta ji ya yi ajiyar zuciya, ta fara laluben hankici don ta miƙa masa. Sai ya matso kusa da kunnenta.

"Kin gani? Ashe a nan waɗanda suka san aikin suke."

Da aka fito ɗaukar hoto bai rungumi ɗansa ba sai da ya juya gindin rigar ya duba ciki. Kalmasar ko yatsa biyu ba ta kai ba. Ya ce ba laifi, tunda daga nan babu wani ajin.

Auta ne ya ba shi kunya. An yi ta jira ya cika, bai cika ba. Shekara ta zagayo a ɗora shi kan kujera, a duba, a sauke shi reza ba ta ga aiki ba. A tsakiyar sakandare ya ce shi ƙarfe yake so ba biro ba, ya koma garejin gyaran mota. Uban bai hana shi ba. Wandon dai yana nan a ƙasan akwati da sauran ninkinsa, ba a ba kowa ba. A garejin ne, bayan Auta ya yi aure, jikin da aka daɗe ana jira ya iso gaba ɗaya, ta faɗi. Duk sa'ad da ya shigo shagon a kaikaice, uban yakan dube shi ta saman tabarau.

"Na faɗa," in ji shi. "Rana ce kawai ban sa ba."

Macen ce ta riƙe abin a rai. Ranar da ta fara makaranta an tashi da iska, rigarta ta kumbura ta buɗe, wata yarinya ta nuna ta ta ce ga laima nan tafe. Sunan ya bi ta firamare, ya bi ta sakandare, ya shiga makarantar koyon jinya tare da ita. Yau a asibiti akwai masu miƙewa idan ta shigo, amma ko Inna idan za ta kira ta Laima take cewa. Farar rigarta ta makarantar jinya ma shi ya ɗinka. Ta karɓa ta yi godiya, ta bi ta bayan layi ta kai wa wani tela ya rage. Da ta zo hutu ya dubi kafaɗarta sau ɗaya.

"Wanda ya yi miki wannan, allurarsa ta dakushe."

Ba a sake tayar da zancen ba.

Shekaru suka ja. Waɗanda suka koyi aiki a hannunsa suka buɗe nasu shagunan, wasu a layin, wasu a bayansa, wasu can wajen makaranta. Shi kuma ido ya fara yi masa rowa. Zare da kafar allura suka daina gaisawa sai Inna ta shiga tsakani. Aikin ya koma canjin zik da facin aljihu. Duk da haka kullum yana buɗe shago, ya goge keke, ya ɗiga mata mai, ya zauna ƙarƙashin hotunan 'ya'yansa na ranar fara makaranta, waɗanda ya kafa a bango wai don talla: kawuna uku a saman tulin yadi.

Sai 'yar Laima ta isa shiga makaranta. 'Ya'yan Injiniya suna nesa, kayansu a leda ake sayowa da lamba a wuya, Auta kuwa bai kai nan ba tukuna. Wannan ce a kusa. Yana kiranta Uwata, ita kuma tana kiransa Tsoho, don haka ta ga dama. Tun hutu bai yi nisa ba ya sayo shuɗin yadi, ya ninke ya ajiye inda duk mai shigowa zai gani. Ya fito da kujerar katakon ya wanke. Bai aika wa kowa ba.

Laima ta biyo wata rana bayan ta tashi daga aiki, ta tarar Inna ta kawo masa abinci. Bayan gaisuwa ta tsaya tana kallon yadin.

"Baba, na ga an yi sayayya."

"Na Uwata ne."

"Ita da 'yan ajinsu?"

Inna ta ƙyalƙyale da dariya har ta kusa zubar da ruwa.

"Baba, akwai kanti kusa da makarantar, suna da ɗinkakku. A gwada mata, a ɗauki wadda ta yi mata, a taho. Ba sai ka takura wa idonka ba."

Ya ɗauki tsumma ya shiga goge keken da ya riga ya goge. "Idona ya kai miki ƙara ne?"

"Aikina ne, ba sai ya kawo ba."

"To."

Laima ta san wannan "to" ɗin tun tana ƙarama. Ta dubi kujerar, ƙafafunta ko bushewa ba su gama yi ba. Ta dubi hotonta a bango. Ta ja numfashi.

"Shi ke nan, ka ɗinka. Amma da sharaɗi. Abin da tef ya ce shi za a yanka. Ba ƙari, ba ninki. 'Yata ba za ta girma tana amsa sunan kayan tare ruwa ba."

"Baɗi fa?"

"Baɗi in Allah ya kai mu a yi wata."

"Haka ake cewa," in ji shi a hankali.

Inna ta daina dariya, ta shiga tattara kwanuka.

Ba yadin ne ya dame shi ba. Riga mai kalmasa tana dawowa shago duk shekara, da yarinyar a cikinta. Wadda ta yi daidai ba ta da abin da zai dawo da ita, kuma baɗi, da irin wannan idon, kanti na nan kusa da makaranta. Amma in ya ƙi, ko ta bana ba zai samu ba. Ya ce ya yarda.

Ranar awo Uwata ta hau kujera tana gargaɗinsa kada ya soke ta. Ya ce mai tsoron suka ba ta rawa a kan kujera. Laima ce ta karanta lambobin tef ɗin, wai don ta taimaka, ta kuma tsaya a kansa yana zane. Hannun ya saba hanyarsa, sai ya riƙa gangarawa da kansa. Ta yi gyaran murya, ya dawo da shi. Ya sake gangarawa, ta sake gyaran murya. Kafin a gama, mai aski ya leƙo ya tambaya ko a kawo mata maganin tari.

Abin da bai yi zato ba shi ne aikin zai yi masa daɗi. Tun da ya kama almakashi bai taɓa bin kafaɗar yaro yadda take ba. Ashe yara ma suna da kafaɗa, suna da ƙugu, kowa da irin nasa. Ya ɗinka wuya ya farke, ya sake ya farke, har ya kwanta yadda yake so. Ya yi wa aljihu baki mai lanƙwasa. Maɓallai da hannu ya ɗora su, yana lalube da yatsa inda ido ya gaza. Da ya gama ya goge ta, ya rataye a bakin ƙofa. Masu wucewa suka riƙa rage tafiya. Mai aski ya zagaye ta, ya ɗaga gindin ya leƙa.

"Zai-Cika, lafiya kuwa? Ko yadin ne ya ƙare?"

Bai kula shi ba. Da Inna ta zo ya nuna mata rigar da haɓa.

"Ashe na iya."

"Ashe," in ji Inna. "Ka daɗe kana ɓoye mana."

Safiyar komawa makaranta Auta ya zo da wata mota da ya ce gwada ta yake yi. Injiniya ya bugo waya yana neman hoto. Uwata ta fito daga ɗaki, rigar ta zauna mata kamar da ita aka haife ta. Laima ta zagaya ta, ta ja kafaɗa, ta ja ƙugu, ba ta samu abin kamawa ba. Idonta ya kawo ruwa, ta ce turaren Auta ne ya yi yawa.

Zai-Cika bai bi su ba. Shi a ƙofar shago yake kallon ranar farko. Yara suka yi ta wucewa, sababbin a riƙe da hannun iyaye, in an samu hannun. Riguna har ƙauri, wanduna da nauyi a ƙafa. Ko da wannan idon yana gane aikin almajiransa na ɗinki: wancan na mai shagon bayan layi ne, har yanzu yana tsuke zare, waccan ta na wajen makaranta ce. Ya ji daɗi a ransa. Bai kawo komai ba.

Bayan an tashi sai ga Laima ta shigo janye da Uwata, fuskar yarinyar a kumbure.

Labarin ya fito guntu-guntu, rabi daga uwar, rabi cikin shesshekar 'yar. Ba a barin iyaye su wuce bakin ƙofar makaranta. A ciki akwai wata malama da ta daɗe tana raba yara ranar farko, kuma ta daɗe da daina tambaya. Kaya take dubawa. Wanda ya ɓace a cikin rigarsa sabo ne, ta tura shi layin aji ɗaya. Wanda kaya suka zauna masa kuwa tsohon hannu ne, ya san hanya. Uwata doguwa ce, ga riga cif, ga kai a sama. Malama ta ce, "Ke, hutu ya mantar da ke ajinku? Wuce!" Ta wuce. Ta bi wani layi har aji uku, ta samu benci ta zauna. Da aka ce ta tashi ta karanta abin da ke kan allo, ta ce ai shi ta zo koya. Sai da dariya ta lafa aka gane, aka rako ta aji ɗaya. Can kuma yara suka dubi rigar suka dubi juna, suka yanke cewa maimaita ajin take yi.

"Sun ce min Tsohuwa!"

"To ai mun zama biyu," in ji shi.

Kukan ya ƙaru. Ta kama wuyan rigar nan da ya farke ya sake, tana ja.

"Ba na so! Irin ta kowa nake so, mai ɓoye hannu. Da aka fita wasa kowa yana kaɗa hannun rigarsa kamar tsuntsu, ni ba ni da abin kaɗawa."

Zai-Cika ya kai hannu ya gyara wuyan da ta yamutsa. "Ɗinkin fa ba laifi," ya ce. Babu wanda ya saurare shi.

Inna, wadda kukan ya jawo daga gida, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu. "Kai ka cika gari da buhuna. Yau ka ɗinka riga, an rasa ajin da za a sa ta."

Laima ta zauna a kan tarin ƙyallaye, abin da ba ta taɓa yi da fararen kayan aiki ba. Ta daɗe tana murza goshi.

"Na biya ta kantin," ta ce. "Mai kantin ya miƙo min wata kamar labule. Ka san me ya ce min?"

Ya ci gaba da lallaɓa wuyan rigar.

"Wai za ta cika. Har da muryarka, Baba."

"To me ya hana ki ɗauka?"

"Kalmasa guda ce. Kuma a karkace." Ta dubi wajen da yadin yake. "Akwai saura?"

Da saura. Wanda ya sayo shi ba da tef ya yi shawara ba.

Uwata ta hau kujera ba tare da an ce ta hau ba, ta shimfiɗa hannuwa. Laima ta karanta lambobi. Aka baje yadi, ya ɗauki alli.

"Aji biyu kawai, Baba."

"To."

Wannan karon hannun bai gangara ba. Ya zana tsawonta, ya ƙara ninki ɗaya, ya ƙara na biyu, ya tsaya. Laima ta shirya gyaran murya, ba ta samu wurin yin sa ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa.

"Biyun ma da yawa," ya ce, "ga mai irin idona."

Mai aski, da ya leƙo don ya yi tsokana, ya ja kansa ya koma. Laima ta dubi farin layin da ke kan yadin, ta dubi hannun da ke riƙe da alli. Ta kama shi a wuyan hannu, yadda take kama na marasa lafiya, ta ja shi ƙasa.

"Ƙara."

"Wa zai saki?"

"Wanda ya naɗe. Zare ne, in Inna ta gaji ni zan sa maka. Ƙara, Baba. Har shida."

"Ke fa kika ce..."

"Na san abin da na ce."

Ɗinkin ya ɗauki 'yan kwanaki, don ninki ba a yi masa gaggawa. A kwanakin Uwata ta ci gaba da zuwa da rigar da ta yi daidai, kuma kwanakin sun isa. Ranar da ta bayyana cikin sabuwar, tana kaɗa hannu tun daga bakin layi, 'yan ajin suka yi murna suka ce Tsohuwa ta yi sabuwar riga. Yanzu har Inna, in Laima ta shigo, sai ta ce, "Laima, ina Tsohuwa?"

Ta farkon ya wanke ya goge, ya rataye ta a bango kusa da hotunan. Iyaye mata sukan tsaya su yaba, su ce kai, wannan aiki ya yi kyau, sannan su ce a yi wa nasu irin wadda aka saba.

Ranar da ya miƙa sabuwar rigar, kafin ya rufe shago, ya leƙa wurin mai aski ya ce ya ba shi reza guda, sabuwa, a takardarta.

"Ta sakin kalmasa? Ai sai baɗi, Zai-Cika."

"Na sani," in ji shi.

Ya koma ya ja aljihun keke, ya ajiye ta a gaba-gaba, inda hannu zai same ta ko ba a duba ba.